Shekarar da Muka Kori Kyanwa

A shekarar da damina ta yi mana rowa har muka koma cin jar dawar da sojoji ke rabawa a Tasawa, ina zaune a Koona da jaririyata, mijina ya tafi cin rani Najeriya. Daga ni sai surukina, tsoho marar yawan magana, sai wata kyanwa mai ruwan toka. Dukiyarmu duka rabin buhun gero ne na iri, yana jingine a ƙuryar ɗakina. Duk tsananin yunwa ba a taɓa shi, don in ya tafi, ko ruwa ya sauka ba abin da za mu shuka. Ɓeraye su ma yunwa ta koro su cikin gari. Kyanwar ce ke kwana a kan buhun, shi ya sa ba su samu ƙofa ba.

Sai ƙuma ta sauka. Da farko ƙafafuna ne suka yi ta ƙaiƙayi, na ɗauka sauro ne, alhali ko ɗigon ruwa babu a garin balle sauro. Wata safiya na shimfiɗa farin zane a ƙasa zan kwantar da yarinya, sai ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙwayar riɗi suna tsalle a kai. Na kama ɗaya na murtsuke, na buɗe yatsu, ta yi tsalle ta tafi abinta. Sai da na sa farce a kan farce ta fashe.

Ni kuwa tun ina yarinya ba na iya barin abu ban san tushensa ba. Maƙwabta suka ce a buhunan taimako ta zo. Na zazzage namu a rana, ban ga ko ɗaya ba. Na kama kyanwar na buɗa gashin wuyanta, ga su nan suna gudu, ga wani baƙin gari kamar na barkono. Na kakkaɓe shi a jiƙaƙƙen tsumma, sai ya narke ya koma ja. Ashe jini ne. Na tona rairayin da ke malale a ɗakin, daidai inda take miƙewa da rana, na ga wasu fararen tsutsotsi siriri kamar zare. Na daɗe a tsugune ina kallonsu, har kunu ya kusa ƙone mini.

Kafin in gama bincikena ƙafafun yarinya sun yi rugu-rugu, kuka ba dare ba rana. Surukina ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yarinya, kyanwag ga za ta bar gidan nan."

Na durƙusa na ce, "Baba, ina ga kamar cikin rairai suke haihuwa. Ga kuma iri."

Ya ce, "Jikata ta hi iri."

Wa zai ja da wannan? Amma raina ya sosu. Aka sa ta a kwando, wani mai amalanken jaki ya tafi da ita Maijirgi, gidan 'yan'uwansa.

Mun ɗauka an huta. Ina! Abin ya ninka. Da can kyanwa ke ciyar da su, yanzu da ba ta nan duk suka dawo kanmu. In na shiga ɗaki sai in ga ƙwaurina ya yi baƙi. Tsohon nan mai kunya, na gan shi a zaure yana susa da hannu biyu, na kau da kai don kada dariya ta kama ni.

Da kansa ya ɗauko kwando da fartanya. Muka fitar da kaya rana, muka kwashe rairayin ɗakin kaf muka kai bayan gari. Ya baza karan gero a daɓen ya cinna wuta, na tafasa ruwa na zuba wa tabarmi da tsummoki, muka ɗebo sabon rairayi daga tudu mai zafin rana. Muka sake yi bayan 'yan kwanaki. Ƙuma ta ƙare, yarinya ta samu barci.

Ranar da na ga huda a gindin buhun iri, da ɓawon gero a warwatse, na san ɓeraye sun samu ƙofa. Na kira surukina ya gani. Washegari ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar Maijirgi a ƙasa, cikin ranar nan, da cikin da ba kome sai kunun jar dawa.

Da la'asar ya dawo, ƙafafunsa sun yi futu-futu, hannu wofi. Na kawo masa ruwa na durƙusa. Ya sha, ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

"Sun hana," ya ce. "Wai su ma iri suka tsaro."

Sai ya miƙe da ƙyar. "Kama mani buhun mu kai ɗakina. Ni ba ni barci sosai dama."