Kalmar Rumawa a Fangalin Albasa

Ranar kasuwar Bodinga da ta wuce, wani mai sayar da iri ya zuba mini irin albasa a tafin hannu don in duba. Baƙi ne, ƙanana, ba nauyi. Na daɗe ina kallonsa har mutumin ya tambaye ni ko lafiya. Lafiya lau. Ƙanena na tuna.

Ni ban yi boko ba, kada ka ɗauka malami ke maka magana. Shekarar da hakimi ya aiko a ɗauki yaro ɗaya daga unguwarmu, Inna ta tura ni cikin rumbu ta rufe, don na riga na iya riƙe hauya. Ƙanena yana wasa a ƙofar gida. Shi aka gani, shi aka tafi da shi. Daga elementare ya wuce midil, daga nan kwaleji, can gabas. Kafin ya kai can, sanƙarau ya ɗauke Baba da ƙannenmu mata biyu cikin mako ɗaya. Muka rage ni da Inna da Kaka, mahaifin Baba, wanda ƙafafunsa suka gaji amma bakinsa bai gaji ba.

Gero na ci ne. Albasa ke kawo tufafi da gishiri da mai. Irinmu kuwa na gida ne, Kaka ke adana shi a gora da toka, kuma ba mu da wani bayansa.

Wata shekara, bayan an cire gero, ƙanena ya dawo hutu da akwatinsa na ƙarfe da tabarmarsa da komai nasa. Ya ce ba zai koma ba, noma zai yi. Sau biyu yana faɗuwa a wani darasi da ake kira Latin, harshen mutanen Rum na dā. Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ta riga ta ba da ɗa guda ga Nasara ba da sonta ba, ga shi zai dawo hannu wofi.

Washegari na ɗora Kaka kan jaki muka tafi fadama mu uku. Ina gyaran fangali, wato ƙananan filayen da ake zuba iri a ciki, su kuma suna zaune gindin tsamiya. Ƙasa na da danshi, tana ƙanshin ruɓaɓɓen ganye. Kaka ya fara tsokanar ƙanena.

"Kai Bature, harshen matattu yak kada ka? Mi malamin naka yac ce?"

"Cewa ya yi ina da kai, amma ba ni da situdere."

"Mi ne ne shi? Ana cin shi?"

Ƙanena ya yi dariya, karo na farko tun zuwansa. Ya ce kalma ce ta Rumawa, asalinta ba karatu take nufi ba. Mutum ya sa ransa a kan abu, ya bi shi, ya ƙi saki. Suna faɗinta ga mai noma, suna faɗinta ga mai neman sarauta. Daga baya ne ta koma ta masu littafi.

Kaka ya nuna ni da sanda. "To wancan na da ita?"

Ƙanena ya dube ni, laka har gwiwa. Ya ce, "Yana da ita." Ban ɗaga kai ba.

Na zuba irin duka a fangali uku, na barbaɗa ƙasa kaɗan, na rufe da busasshiyar ciyawa. Kwana biyu bayan haka aka aiko daga Shagari cewa ƙanwar Inna ta rasu, dole in raka ta. Na bar wa ƙanena aikin, na kuma faɗa masa yadda ake yi. Sabon iri ba a sakar masa ruwa. Da ƙwarya ake ɗiba, a yayyafa da hannu ta kan ciyawa, safe da yamma, kullum.

Kada ka ce lalaci ya yi. Da lalaci ne da ya fi sauƙi. So yake ya nuna mana zai iya noma. Ya dubi ƙwaryar ya ga wasa ce, ya kama jigo, ya yini yana jan ruwa har tafin hannunsa ya sale, ya buɗe hanyar ruwa ya cika fangalin uku taf. A ganinsa ya ba su ruwan kwana uku a yini ɗaya.

Da na dawo na ɗaga ciyawar. Ruwa ya kwashe irin ya tara a kusurwa, laka ta binne sauran. Na ɗaga hannu. Ban sauke shi a kan ƙanena ba, amma na ɗaga.

Da aka kai wa Kaka labari bai yi faɗa ba. Ya ce a kira masa shi. Ya kama hannuwan ya juya, ya dubi inda suka sale.

"Ka yi aiki, wallahi ka yi aiki. Hwaɗa min, haka kaka yi ma littahin?"

 Ƙanena ya ce ba ya buɗe shi sai saura kwana uku jarrabawa, sannan ya nemi haɗiye shi gaba ɗaya.

"Su Rumawan naka ba su hwaɗa maka da sahe da marece aka yin wagga kalma ba?"

Na taka zuwa Dandin Mahe wurin Kawu na roƙo iri. Abin da ya iya ba ni bai cika fangali biyu ba. Na sake zubawa, na miƙa wa ƙanena ƙwaryar. Har hutun ya ƙare shi ke yayyafi. In ya gama ya goge hannu a riga, ya zauna gindin tsamiya ya karanta shafi ɗaya, ya rufe. Da yamma haka. Ranar da tsiro ya fito kamar koren gashi, ya tsuguna a kai ya daɗe.

Albasar shekarar ba ta kai rabin ta kullum ba. Inna ta sayar da akuyarta. Da tsohuwar riga na yi sallah.

Ranar komawarsa makaranta, ni na ɗaukar masa akwatin zuwa bakin hanya. Muna jiran babbar mota ya ce, "Yaya, akwai wani wuri da suke faɗin kalmar nan. In mutum ya tsaya wa wani, ya ƙi barinsa."

Na ce, "Ga mota nan. Hau."

Ya ci jarrabawar, da ƙyar. Ya yi malanta har ya tsufa, ya riga ni tafiya.

Yau inji ke jan ruwa a fadamarmu, ba wanda hannunsa ke salewa. Jikokina duk suna makaranta, ba wanda aka ɓoye a rumbu, kuma ba a koya musu harshen Rumawa. Sai dai in jarrabawa ta matso nakan gan su sun baje littattafai a zaure, ido ja, ba ci ba sha, bayan watanni uku suna yawo. Ina zaune a kan buzuna ina kallo. Wanda ya tambaye ni zan faɗa masa. Har yanzu ba wanda ya tambaya.