Damisar Dutsen Kara

A unguwar Jarwal ta Makka ni kaɗai ne mai karnuka, kuma ban taɓa ɓoye su ba. Biyu ne: wata ja mai dogayen ƙafafu, da wani baƙi guntu mai tsagaggen kunne. A lokacin, ruwa nake kai wa gidaje a salka, amma farauta na gada tun a Zamfara, kuma ban ga dalilin da zai sa in bar ta don na zo Makka ba.

Yayan matata ya fi kowa jin zafin abin. Wata rana ya tare ni a bakin lungu.

Ya ce, "Kare a wannan gari? Mutane sun fara cewa ba za su sha ruwan hannunka ba."

Na ce, "Yaya, na farauta ne, addini bai hana ba. A bayan gida suke ɗaure, ba sa kusantar salkata. Wanda ya ƙi ruwana ya nemi wani."

Wasu gidaje kuwa suka nemi wani. Ban roƙi kowa ba.

Ana nan sai wani Balaraben ƙauye da ke kawo mana gawayi ya ce damisa ta addabi awakinsa a gindin Dutsen Kara, hanyar Ɗa'ifa. Wurin ya fita daga iyakar Harami, farauta ta halatta. Ya ɗauko tsohuwar bindigarsa, na ɗauki mashina da karnuka, muka tafi.

Farautar damisa a dutse sai da sassafe, domin da rana ta gasa dutsen warin sawu ya tafi, kare sai ya yi ta zagaye a banza. Ba a sakin kare sai an ga sabon sawu, kuma iska ta kasance tana bugun fuskarka. Muka samu sawun a yashin wani kwari, ya hau sama ya ɓace. Na zaunar da mutumin bayan wani dutse, na ce ya riƙe bakin karnukan. Na naɗe ganye tsakanin manyan yatsuna na busa kukan ɗan akuya da ya rabu da uwarsa. Sau biyu ko uku ya isa, sai a yi shiru. Mai yawan busa shi ke tona kansa.

Can sai Balaraben ya raɗa mini, da sunan da suke kiran mutanen ƙasarmu, "Ya Takaruni, babu komai a nan. Yalla, mu tafi."

Na kira shi baffa da harshensu, na ce, "Ammi, daina duban ƙasa. Daga sama take zuwa."

Bai rufe baki ba tsakuwa ta gangaro. Na ga wutsiya a kan wani falalen dutse, na saki karnuka. Jar ta bi ta gefe tana haushi, ta tsare damisar a bakin kogo. Baƙin, da ba ya jin kira in jininsa ya hau, ya faɗa mata kai tsaye. Mari ɗaya ta yi masa. Bindiga ta tashi, ni kuma na ƙarasa ta da mashi.

Baƙin bai kai azahar ba. Na haƙa masa rami a yashin kwarin, na jera duwatsu a kai saboda kuraye. Balaraben ya so ya ba ni akuya. Na ce ɗan kwikwiyo nake so, cikin waɗanda na gani a bayan tantinsa.

Da na shigo Jarwal da fata a kafaɗa, jar na ɗingishi a bayana, maƙwabta suka fito kallo. Yayan matata ya duba ya ga kare ɗaya.

Ya ce, "To, Allah ya rage. Saura guda."

Na buɗe bakin jakata, kwikwiyon ya leƙo. Ya juya ya shige gida, ni kuma na wuce na nemo wa ɗan abin madara.