Wata Baiwar Allah Ce Ta Rubuta

Jiya ina cikin Keke Napep zan je Barunde, sai na ji busar sarewa a rediyon direban, irin wadda ake buɗe wasan kwaikwayo da ita muna yara. Wallahi nan take raina ya ɓaci.

A Pantami na taso, a gidan Bappa, yayan mahaifina. Ɗakin ƙarshe kusa da rijiya na Goggo ne, ƙanwarsu, malamar firamare wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Da kaka, in an baje gyaɗa a tsakar gida, tana ɓara tana magana ita kaɗai, ta yi muryar dillaliya, ta juya ta yi ta maigida mai kurin banza. In mun yi dariya ta goge hannu a zane ta shiga ɗaki ta rubuta. In ba mu yi ba, ta harare mu ta sake wata. Ita ke rubuta wasan da Gombe kaf ke jira ranar Lahadi bayan la'asar.

Amma Bappa ya kafa sharaɗi. Ya ce, “Ki yi rubutunki, ban hana ba. Sunan gidan nan dai ba zai fita a bakin 'yan wasa ba.” Shi ya sa duk mako in an ƙare, mai gabatarwa ke cewa wata baiwar Allah ce ta rubuta.

Ka san abin da ke ƙona mini rai? Bappa bai taɓa fashin sauraro ba. Shi ke fitar da rediyo ƙofar gida, abokansa su kewaye shi, ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Su yi ta musu, wannan ya ce matar wani babban ma'aikaci ce, wancan ya rantse namiji ne ya ɓoye, don mace ba ta da wannan kai. Bappa na ji, ko tari ba ya yi. Mu kuma an ja mana kunne, sai mu wuce da tiren shayi sum-sum.

Bana Goggo ta tsufa, ido ya yi rauni. Da damina wasu ɗalibai biyu daga jami'a suka bi diddigi har ƙofar gidanmu, suna son jin tarihinta daga bakinta. Na shiga na faɗa mata. Ta ciro mayafin da take zuwa biki da shi, ta ce, “Duba min, ya zauna daidai?” Ta kai bakin zaure ke nan muka ji Bappa yana ce musu, “Kun yi ɓatan kai, yara. Babu mai wasa a gidan nan.” Ta ɗan tsaya, sannan ta koma ɗaki ta ninke mayafin.

Yau yaran gidan nan kowa na saka fuskarsa da sunansa a waya, Bappa har cewa yake a nuna masa. Na ce wa Goggo zan rubuta labarinta duniya ta sani. Ta ce in rubuta, amma kada in kunyata yayanta yana da rai. Na yi mata alkawari, ina jin haushin kaina. Ga shi na kawo ƙarshe, ni ma ban faɗa maka sunanta ba.