Idon Hagu na Kaska

A barga ba wanda ya san shi da wani suna sai Kaska. Ɗan siririn mutum ne mai gwamammun ƙafafu, wanda sai an cusa masa dalma a sirdi kafin nauyinsa ya cika a sikeli. Shekara goma sha tara ya yi yana hawan dawakin mutane a filin sukuwa, hotonsa bai taɓa fitowa a jarida ba.

Yadda yake hawa ne ya jawo masa sunan. Da an saki dawaki sai ya yanko zuwa shingen ciki, na hannun hagu, ya manne masa har ƙarshe. Masu dawaki suna cewa dabara ce, ta nan hanya ta fi gajarta. 'Yan kallo suna cewa taurin kai ne. Duk ba su canka ba, tsoro ne zalla.

Yana shekara ta takwas da fara hawa kofaton dokin gabansa ya harbo tsakuwa ta same shi a idon hagu. Kumburi ya saɓe, ido ya koma garau ga mai kallo, amma shi ko hasken rana ba ya gani da shi. Doka kuwa ba ta yarda mai ido ɗaya ya hau ba. Matarsa kaɗai ya gaya wa.

"Ka je ka faɗa wa alƙalan sukuwa mana," ta ce.

"In na faɗa me za mu ci? Ni ban iya komai ba sai zaman sirdi."

Shinge ne ya zama maganinsa, don muddin katako ne a hagunsa ba mai ɓullo masa ta inda ba ya gani. Likitan fili kuma, Allah Ya saka masa, kullum da idon dama yake fara awo, sai Kaska ya haddace baƙaƙen allon ya karanto su da ka. Duk ranar sukuwa sai ya yi amai a bayan kwamin ruwa, abokan aiki suna yabonsa wai yana rage nauyi.

Wata shekara ruwan sama ya ci kwanar farko ta filin, alƙalai suka ce ranar nan za a juya tseren, a bi ta ɗaya hannun. Kaska ya sami mai dokin da zai hau ya ce ba ya jin daɗi.

Mai doki ya yi dariya. "Shingen naka bai mutu ba, Kaska, hannun dama ya koma. Hau mu gani."

Dawaki goma sha biyu ne, har da wanda ƙanin Kaska yake hawa, magidanci mai 'ya'ya uku wanda Kaskan ne ya koya masa hawa. Aka sake su. Kaska ya lafe a dama, duk sauran suna hagunsa cikin duhu, sai dai ƙarar kofato. Da aka zo kwana dokinsa ya fara zamewa hagu, yadda ya saba. Ya ji hucin wani doki a gwiwarsa, bai san ko taku ɗaya ne tsakaninsu ko tafin hannu ba. Ya miƙe kan likkafa ya ja linzami da iya ƙarfinsa. Shi ya zo na ƙarshe, ana ta yi masa ihu.

Alƙalai suka ce sayar da tseren ya yi. Suka tambaye shi sau uku, ya ƙi ambatar idonsa, suka soke takardar hawansa har abada.

Yana zaune a ɗakin sauya kaya yana cire takalmi ƙaninsa ya shigo.

"Yaya, ni ne fa a gefenka. Na buɗe maka hanya, ina ta ɗaga maka bulala, ko waiwaye ba ka yi ba."

Ƙanin ya zagaya hagunsa, ya kai hannu dab da fuskarsa. Idon ko ƙiftawa bai yi ba.

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya."

Ƙanin ya zauna a benci.

"Wato duk yankowar nan da kake yi ta gabanmu zuwa shinge, ba ka ganin kowa?"

"Ba na gani."

"Har ni?"

Kaska ya sunkuyar da kai, takalmi ɗaya a hannunsa. Ƙanin bai gaya wa kowa ba har ya mutu, amma bai sake taka gidan yayan nasa ba.