Hoton Jirgin Alhazai da Na Cire Daga Ɗakin Umma

Lokacin da abin ya faru shekarata talatin, ina sana'ar gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Mahjar. A Jidda aka haife ni, haka ma Ummata, sai dai ita ba ta taɓa riƙe iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Shiga gidajen mutane ne ya koya mini kwaɗayin tsofaffin kaya. Tun ina roƙon matacciyar rediyo da farantai masu fure, har ɗakina ya koma kamar kasuwar gwanjo. Matata kan ce wata rana ita ma zan rataye ta a bango.

A ɗakin Umma akwai tsohon hoton tallar jirgin ruwan alhazai, wanda mahaifinta ya sa wa firam. Na nuna shi a waya ga wani mai shagon tsofaffin kaya a unguwar Bagdadiyya, ya ce zai musanya mini da agogon bango mai siffar masallaci da na daɗe ina hange. Umma tana gidan ƙanwata da ta haihu, sai na ɗauke hoton na kai masa ba tare da na tambaye ta ba.

Bayan arba'in ta dawo da murna. An sami wanda zai tsaya mata kafili, wato mai lamunin da zai sa a ba ta iƙama, takardar haihuwarta kawai ake jira. Da ta ga bango wayam, na ce gilashin ne ya tsage na kai gyara. Nan ta gaya mini takardar tana bayan hoton, tsakanin kwali da katako, inda mahaifinta ya ɓoye ta tun tana goye. Sati uku ina mata ƙaryar gobe ko jibi. Mai shagon ya sayar da hoton, ya kuma ce bai riƙe sunan mai sayen ba. Sai da na yi masa kuka kamar yaro ya tuna cewa wani mai gidan shayi ne a tsohon gari.

Ina shiga na hango jirgin a saman ƙofa. A gefensa, cikin ƙaramin firam, ga takardar Umma an rataye ta ado, mutane na kurɓar shayi a ƙarƙashinta. Mai gidan shayin mutumin kirki ne, da ya ji bayanina ya ce halas, wato shi ke nan, ya sauke ta ya miƙo mini. A hannuna na ga abin da ya faru. Takardar ta fi firam ɗin tsawo, sai aka datse ƙasanta da almakashi, inda hatimi da sa hannu suke.

Duk ofishin da muka kai ta, an ce ba ta da amfani. Umma ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi da na tambaya, ai da ta ba ni hoton.

Masu sha'awar tsofaffin kaya, ku ji tsoron Allah da kayan iyayenku. Abin da kuke gani ado ne, wataƙila ma'ajiya ce, don haka ku tambaya kafin ku ɗauka. Har yau Umma ba ta wuce bakin layinmu don tsoron kamu, kuma ni na jawo mata.