Maganar da Aka Faɗa wa Takarda

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar 'yata ta fari. Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata, malamar makaranta, ita ke rubutawa ina faɗa, kuma na roƙe ta kada ta sassauta komai.

Wani mai fataucin shanu ta aura a Dapaong. Da cikinta na fari ya tsufa aka kawo mini ita Sokodé goyon ciki, kamar yadda ake yi. Ta zo da ƙunshin zannuwa da ƙaramin littafin awo, wanda muke ce wa karne. Na karɓa na adana shi cikin kwalla tare da 'yan kunnena, don kada ya yi datti.

Sau ɗaya ta so ta yi mini maganar. Muna tsince shinkafa, kanta a ƙasa, ta ce, "Mma, ranar awon ƙarshe madam mai awon ta sa hannu a jikina har sau biyu, ta kira wata ita ma ta sa. Sun yi ta Faransanci a kaina, suka rubuta, suka ce in tashi."

Na ce, "To me suka ce?"

"Ba da ni suka yi ba. Na rufe fuskata da mayafi."

Sai na ce mata haka mai kunya ke yi, su sun san aikinsu. Na tashi na bar wurin, domin a tarbiyyarmu uwa ba ta hirar ciki da 'yar fari. Ko sunanta ban taɓa kira ba.

Naƙuda ta zo, na kira tsohuwar unguwarmu mai karɓar haihuwa. Muka wuni, muka kwana, ana jiƙe-jiƙe. Da hantsi mahaifin 'yar tawa, Allah ya jiƙansa, ya nemo mota. A asibiti wata ma'aikaciya ta buɗe karnen, ta dube ni ta ce da Hausa, "Hajiya, ai ga shi a rubuce. Jaririn a gicciye yake, kada ta haihu a gida." An fid da jaririyar da rai. Uwar kuwa, jini ya tafi da ita kafin la'asar.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma maganar da za ta cece ta ta yi wata biyu a cikin kwallata. An faɗa wa takarda, ba a faɗa wa mai cikin ba. Rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa na ƙara mata da nawa bakin da na rufe.

Jaririyar nan, Adiza, ni na raine ta, yanzu ita ma ciki gare ta. Watan jiya na raka ta awo, na ce sai na shiga. Ta ce, "Kaka, ke za a auna ko ni?" Na shiga dai. Madam ɗin ta ja labule, ta ce zan duba ki ta ƙasa, ga dalili, kin yarda? In ya yi zafi ki faɗa in tsaya. Da ta gama ta gaya mata yadda kan jaririn ya kwanta. Duk bai kai tafasar ruwan shayi ba. Na fito na zauna kan benci ina kuka.

Da 'yata tana raye me za ta ce? Ina jin za ta yi mamaki cewa ana neman izinin mace kafin a taɓa ta. Amma a bencin nan na ga wata matar makiyayi ta fito daga wani ɗakin, mayafi a fuska, karne a hannu. Na tambaye ta me aka ce. Ta ce ba ta sani ba. Na kama hannunta muka koma ciki. Sauran da ba su gamu da tsohuwa mai naci ba fa?

Abin da ya rage mini nata: Adiza, da karnen da har yau yake cikin kwalla, da tambayar da na hana ta yi. Kunyar da ta hana ni kiranta ba ta tsare mini ita ba. Malama, rubuta da kyau kowa ya karanta. Sunanta Salamatu. Allah ya jiƙan Salamatu.