Asid Ɗin da Baba Kwalba Yake Zubarwa

Shekara ashirin da biyu Baba Kwalba ya yi yana wanke gilasai a ɗakin gwaje-gwajen wata cibiya mai shirya ɗalibai jarrabawar shiga makarantun jinya da haɗa magunguna. Shi ma da ƙuruciya ya zauna jarrabawar sau uku, lissafi yana kayar da shi, har ya haƙura ya rungumi buroshi da sabulu. Yatsunsa duk tabon asid ne. In ya je asibiti ba ya daɗewa a layi, don nas-nas da yawa shi ya koya musu riƙe bututun awo.

Bana aka ɗauki sabon malamin kimiyya, wata huɗu da karɓar digiri, kullum gabansa na faɗuwa kada ɗalibai su raina shi. Ranar gwajin farko ya ga tsohon yana zuba asid kaɗan a kowane bututu, ya jujjuya, ya zubar, sannan ya cika.

"Baba, wannan ai ɓarna ce. Ba ka riga ka wanke su da ruwa ba?"

"Na wanke, Malam ƙarami. Ruwan nake kora."

Wata ɗaliba ta ƙyalƙyale da dariya. Dariyar ce ta tunzura malamin. Ya ce daga yau a daina, a nan ilimi ake bi, ba al'adar tsofaffi ba. Baba Kwalba ya ce to.

Mako biyu amsoshin ɗalibai talatin suna kaucewa. Shugabar cibiyar ta kira malamin ofis, jarrabawa saura wata ɗaya. Bakinsa ya riga hankalinsa: ya ce tsohon ne ke kuskure wajen haɗa sinadari, ido ya fara gajiya. Washegari aka ce wa Baba Kwalba ya je gida ya huta, za a nemi wani.

Malamin ya haɗa komai da hannunsa. Amsa ta sake kaucewa. Ya buɗe littafinsa na ajin farko a jami'a, ga shi nan ya ja layi da jan biro: ɗigon ruwan da ya rage a bututu yana tsinka asid, sai an ɗauraye da asid ɗin kansa. Ya daɗe zaune a kan doguwar kujerar ɗakin.

Ya gaya wa shugabar gaskiya a tsaye. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Kai ka kore shi, kai za ka dawo da shi. Da ƙafarka."

Ya sami Baba Kwalba a ƙofar gida yana gyara fankar maƙwabta. Tsohon ya miƙe ya ba shi kujera, shi ya hau bulo. Malamin ya fara ba da haƙuri, maganar na sarƙewa.

"Baba, ka san daidai kake. Me ya hana ka faɗa?"

"A gaban yara? In suka daina yarda da kai yanzu, wa za su saurara kafin jarrabawa? Ni nawa ya wuce, ɗana. Nasu ne a gaba."

Ya ce zai zo Litinin, amma sai ya gama da fankar mutane. Ya miƙa wa malamin sukudireba ya riƙe masa. Malamin ya riƙe da hannu biyu, idonsa a ƙasa.